Ku bar ta ta tafi Madison, Hajiya, amma sai kun yi lissafi

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar zangon Kumasi ce, muna zaune a Bronx cikin birnin New York, ni da maigidana da 'ya'ya huɗu. Babbar 'yarmu tana gama sakandare bana. Jami'ar Wisconsin da ke garin Madison ta ɗauke ta, ta kuma ba ta tallafin da ya ɗauke mata kuɗin makaranta. Burinta ta karanci harhaɗa magunguna. Ta samu gurbi kuma a ɗaya daga kwalejojin CUNY, wato jami'ar birnin New York, a nan kusa da mu. Babanta ya ce sam, 'yarsa ba za ta je ƙauyen Turawa mai sanyi inda ba mu da kowa ba, ta zauna gida ta riƙa shiga jirgin ƙasa tana zuwa makaranta. Yarinyar ba ta yi masa musu ba, amma tun ranar ba ta cin abinci sosai, dare ya yi sai in ji kukanta. Matan unguwa kuma suna ta ce mini duk wadda ta bar 'ya mace ta yi nisa ta yi asararta. Zuciyata ta rabu biyu. Me zan yi?

Uwa mai damuwa, Bronx

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya wannan yarinya, Ya sanya albarka a karatunta. Ina taya ki murna tukuna, domin a cikin wannan rigima na ga kamar ba wanda ya tsaya ya yi murna. Ɗalibin da ba ɗan jihar Wisconsin ba yana biyan sama da dala 40,000 a shekara a wannan jami'a, kuɗin makaranta kaɗai. Idan suka ce sun ɗauke wa 'yarki wannan, sun ga wani abu a tattare da ita, kuma ke da Alhaji kuna da kaso a cikinsa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ra'ayina ku bar ta ta tafi. Sharaɗi biyu na gindaya: lissafin kuɗi ya fita ba tare da bashi mai nauyi ba, kuma Alhaji ya je da ƙafarsa ya ga garin kafin a yanke magana.

Bari mu fara da kalmar da ta tsaya wa Alhaji a rai. Madison babban birnin jihar Wisconsin ne, nan gwamna da majalisar jiha suke. A ƙidayar 2020 mutanenta sun kusa 270,000. Ga wanda ya saba da Bronx mai mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, lallai za ta yi masa kama da ƙaramin wuri, amma akwai asibitin koyarwa babba, akwai filin jirgin sama, akwai motocin bas, akwai masallatai. Tsakiyar garin tana kan siririyar ƙasa tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona. Titi ɗaya mai suna State Street ya haɗa ginin majalisa da bakin jami'a, tafiyar ƙafa ta minti ashirin ko ƙasa da haka, kuma ba a barin motocin gida su bi ta kansa. An kafa jami'ar a 1848, shekarar da Wisconsin ta zama jiha, yanzu ɗalibanta sun kai 50,000.

Haka yankin tsakiyar Amurka yake, wanda suke kira Midwest. Dokar da shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba jihohi filaye don su kafa manyan makarantun noma da kimiyya, shi ya sa za ki ga gagarumar jami'a a garin da bai cika girma ba: Ames a Iowa, Urbana da Champaign a Illinois, East Lansing a Michigan, Lincoln a Nebraska. Masu karatunmu da suka san Samaru ta Zariya za su gane abin da nake nufi, wato garin da komai nasa yake juyawa da makaranta. Mai haya, mai shago, direban bas, duk sun san lokacin jarrabawa da lokacin hutu.

Wannan shi ne amfanin irin waɗannan garuruwa ga ɗalibi, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani da kyau, domin ya shafe ki. 'Yarki babbar 'ya ce a gidan waɗanda suka zo daga wata ƙasa. Na san abin da wannan ke nufi ko ba ki faɗa ba. Ita ce ke karanta wasiƙar mai gidan haya da ta asibiti, ita ce ke kiran kamfanin wuta, ita ce ke ɗauko ƙannenta daga makaranta, ita ce ke tsayawa a kan tukunya ranar da kika dawo aiki a gajiye. Ranar Asabar akwai suna, ranar Lahadi akwai biki ko addu'ar bakwai, kuma ba za a ce babbar 'yar gidan ba ta zo ba. Duk wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ita ta gina ta. Sai dai karatun da take nema yana buɗewa ne da kimiyyar sinadarai da lissafi masu tsanani, irin darussan da ke kayar da yara masu ƙwazo a shekarar farko. Idan tana gida, za ta kashe awa biyu kullum a jirgin ƙasa, ta dawo falon da talabijin ke kunne, ta jira kowa ya yi barci kafin ta buɗe littafi. Yara da yawa suna yin hakan kuma suna gamawa, Allah Ya saka musu. Amma da wahala suke gamawa, wasu kuma shekara huɗu takan zame musu shida.

A Madison za ta fito daga ɗakin kwana ta taka zuwa aji cikin minti goma ko sha biyar. Idan ta gaji da tafiya akwai bas mai lamba 80 da ke zagaya harabar kyauta, kuma ɗalibai suna da katin shiga bas ɗin gari. Ba ta buƙatar mota. Ɗakin karatu yana buɗe har tsakar dare. Malamin da ya koyar da ita da safe, ofishinsa yana nan kusa, za ta iya zuwa da rana ta ce ban gane ba. Makarantar harhaɗa magunguna da asibitin koyarwa duk suna cikin haraba ɗaya, saboda haka neman aikin sa kai ko gurbi a ɗakin bincike ba sai ta ƙetare gari ba. Kuma jami'ar tana da tarihi a fannin da take so. Maganin nan na tsinka jini, warfarin, da tsofaffinmu da yawa ke sha, a can aka gano shi. A can kuma Harry Steenbock ya gano hanyar ƙara sinadarin bitamin D a abinci a shekarun 1920, abin da ya taimaka wajen kawar da ciwon gwamewar ƙafa a yara. Yarinyar da ta yi shekara huɗu a irin wannan wuri, malamai suka san ta da suna, takardar shaidar da za su rubuta mata nan gaba tana da nauyi.

Sai maganar ba mu da kowa. Gaskiya ne ba za ta samu zango a Madison ba. Ba za ta fito ta ji ana Hausa a bakin shago ba, kuma wake da shinkafa irin na gida, da koko da ƙosai, sai abin da ta dafa ko kika aika mata da kayan haɗinsa. Amma Musulunci ba baƙo ba ne a wannan yanki, ki gaya wa Alhaji haka. Masallacin Cedar Rapids a jihar Iowa, wanda aka gina a 1934, yana cikin mafi daɗewa a duk ƙasar. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Amurka, MSA, a Jami'ar Illinois da ke Urbana aka kafa ta a 1963. Musulmin farko da ya shiga majalisar dokokin Amurka, Keith Ellison, daga Minneapolis aka zaɓe shi a 2006. A Madison kanta akwai masallaci daf da harabar jami'a inda ɗalibai ke sallar Juma'a, akwai wasu a cikin gari, kuma reshen MSA na jami'ar yana aiki, musamman da azumi. Wani abin da zai ba Alhaji mamaki: tun 1964 jami'ar ta buɗe sashen harsuna da adabin Afirka, kuma an daɗe ana koyar da Hausa a can. Neil Skinner, Baturen da ya yi aikin littattafan Hausa a Zariya, a nan ya ƙare koyarwarsa.

Akwai kuma wani alheri a ƙarancin jama'a wanda mutanen babban birni ba su cika lura da shi ba. Inda Musulmi ba su da yawa, kowa ya san kowa. Yarinyar da ta saba zuwa Juma'a, idan ta yi mako biyu ba a gan ta ba, za a tambaya. Matan malamai da likitoci 'yan Najeriya, Gambiya, Sudan, Pakistan, sukan ɗauki irin waɗannan ɗalibai tamkar 'ya'yansu, su kira su shan ruwa, su kai su sallar idi. A New York kuwa, daga tashar jirgi ɗaya zuwa ta gaba yarinya ta ɓace wa idon kowa. Kusanci da gida ba shi ne tsaro ba, Hajiya. Ke ma kin san 'ya'yan da suka lalace suna kwana ɗaki ɗaya da iyayensu.

Yanzu bari in gaya miki abubuwan da ya kamata ku ji tsoro da gaske, domin tsoron Alhaji ba na banza ba ne, wurin da ya ɗora shi ne bai daidaita ba.

Na farko giya. Wisconsin jiha ce da ta yi suna da giya, jami'ar kuma ta yi suna da shagalin ɗalibai, musamman ranakun wasan ƙwallo da ƙarshen mako. A ɗakunan kwanan 'yan shekarar farko za ta ga abin da ba ta saba gani ba. Maganinsa tun kafin ta tafi ake yin sa. Ta rubuta wa shugabannin MSA yanzu, ta nemi yarinya Musulma da za su haɗa ɗaki. A takardar neman ɗaki ta tambayi hawa ko ɓangaren da mata zalla ke zaune, ta guji manyan gine-ginen da ke tsakiyar hayaniya, ta nemi na gefen tafki inda aka fi natsuwa. Ta tambayi sashen abinci inda ake samun naman halal. Idan dare ya yi mata a ɗakin karatu, jami'ar tana da masu rakiya da ake kira SAFEwalk, su raka ɗalibi har ƙofa. Ta ajiye lambarsu a waya tun ranar farko.

Na biyu kaɗaici, kuma wannan ya fi damuna fiye da giyar. Baƙaƙen fata ba su kai ɗaya cikin ashirin na ɗaliban jami'ar ba. Yarinyar da ta tashi a Bronx, inda kusan kowa a ajinta baƙi ne ko ɗan Latin, za ta shiga zauren lacca mai ɗaukar ɗaruruwa ta duba ta ga ita kaɗai ce mai hijabi, wataƙila ita kaɗai ce baƙa a layinta. Mutanen yankin suna da fara'a, za su gaishe ta, su riƙe mata ƙofa, amma abota ta ƙut da ƙut tana ɗaukar lokaci. Watanni ukun farko za ta kira ki tana kuka. Ki shirya wa wannan ranar. Kada ki ce ai mun gaya miki, kada kuma ki ce tattaro kayanki ki dawo. Ki saurare ta, ki tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta je Juma'a, ko ta leƙa ƙungiyar ɗaliban Afirka. Idan abin ya wuce kewar gida, ta daina barci ko ta daina zuwa aji, akwai masu ba da shawara a asibitin ɗalibai, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Na uku sanyi. Kun san hunturun New York, amma na can ya fi. Tafkunan nan biyu suna daskarewa har mutane su yi tafiya a kansu, su huda ƙanƙara su kama kifi. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili a ma'aunin Fahrenheit, har jami'a ta dakatar da darussa. Doguwar rigar sanyi mai kyau, takalmin ƙanƙara, safar hannu, da kayan ciki masu ɗumi sun isa. Wannan matsala ce da kuɗi kaɗan ke magancewa.

Sai lissafi, wanda shi zai yanke hukunci. Ku zauna ku uku da takardar tallafin a gabanku. Kin ce an ɗauke mata kuɗin makaranta. To ɗaki da abinci fa? Wannan kaɗai yakan haura dala 10,000 a shekara da nisa. Ku duba me gwamnati za ta ba ta bayan cike FAFSA, wato takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Tallafin gwamnatin da ake kira Pell, mafi girmansa dala 7,395 ne a shekara, kuma kyauta ne, ba bashi ba. Ku raba abin da aka rubuta kyauta ne da abin da aka rubuta bashi ne, domin sukan jera su a takarda ɗaya kamar duk alheri ne. Ku tambaya a rubuce: tallafin na shekara huɗu ne ko na shekara ɗaya? Wane maki ake so ta riƙe don kada a janye shi? Idan ta sauya fanni zai ci gaba? Ku sani kuma tallafin jihar New York, irin su TAP, ba ya bin ɗalibi zuwa wata jiha. Idan Medicaid ta New York, wato inshorar lafiya ta gwamnati, kuke amfani da ita, ba ta cika biyan magani a wajen jihar ba sai na gaggawa, don haka ku sa kuɗin inshorar lafiya a lissafi. Ku sa kuɗin jirgi sau biyu ko uku a shekara. Tafiyar ba ta kai awa uku ba a sama, kuma akwai bas daga harabar zuwa filin jirgin O'Hare na Chicago idan tikitin can ya fi sauƙi.

Wani abu da iyaye ba su sani ba sai ya zo musu ba zato: haya a Madison ta yi tsada a 'yan shekarun nan, kuma ɗalibai sukan sa hannu a takardar hayar shekara mai zuwa tun watan Oktoba ko Nuwamba, alhali sai tsakiyar Agusta za su shiga. Wato wata biyu da zuwanta za a fara matsa mata ta zaɓi gida da abokan zama. Ki gaya mata kada ta sa hannu a komai sai kun gani, kuma ci gaba da zama a ɗakunan jami'a a shekara ta biyu ba laifi ba ne.

A ɗaya gefen, kuɗin makaranta a manyan kwalejojin CUNY dala 6,930 ne a shekara ga mazaunin jiha, kuma ga gida mai ƙaramin ƙarfi tallafi yakan shafe shi gaba ɗaya. Ku rubuta lambobin biyu gefe da gefe. Idan abin da zai rage a Madison ɗan kaɗan ne wanda aikin awa goma a mako a haraba da ɗan taimakonku zai rufe, hanya ta buɗe. Idan kuwa sai Alhaji ya ci bashin dubban daloli da sunansa kowace shekara, ni ma zan ce ta zauna, domin karatun harhaɗa magunguna yana da wasu shekaru huɗu a gaba bayan share fage, kuma can ne kuɗi na gaske zai fita.

Game da Alhaji, kada ki tunkare shi gaban yara, kada kuma ki bari ya ji kamar ke da 'yarki kun haɗa masa kai. Mutumin da ya bar ƙasarsa, ya yi shekaru yana fama don 'ya'yansa, abin da yake tsoro shi ne ya rasa 'yar a hannun wata duniya da bai sani ba. Ki fara da yarda da shi a kan wannan. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya kawai: ya je ya gani, gani ya kori ji. Ku tafi ranar Alhamis, ya yi Juma'a a masallacin da ke kusa da jami'a, ya gaisa da liman, ya karɓi lambar dattijo ɗaya ko biyu. Ku shiga ɗakin kwanan ku gani. Idan daga tsakiyar Afrilu ne, ranar Asabar da safe manoma suna kewaye ginin majalisa da kayan gona, ku zagaya ku ga irin mutanen garin da idonku. Yawancin jami'o'i suna son amsa kafin 1 ga Mayu, don haka kada ku ja lokaci. Idan batun tafiyar mace ba muharrami ne ke damunsa, wannan tambaya ce ta malamai, ku kai ta wurin malamin da shi Alhaji yake girmamawa, ku bayyana masa yadda zaman yake dalla-dalla, ku yi istihara.

Ita ma yarinyar tana da nata nauyin. Kuka da ƙin cin abinci ba za su sauya ran uba ba, sai ma su tabbatar masa cewa yarinya ce. Ta zo masa da takarda: ga kuɗin, ga inda zan zauna, ga wadda za mu zauna tare, ga masallaci, ga ranakun da zan dawo hutu. Dokar Amurka ta hana jami'a nuna wa iyaye sakamakon ɗalibi sai da izininsa, to ta ce da bakinta za ta ba ku wannan izini. Ta yi alkawarin kiran bidiyo a rana tsayayya kowane mako, ta kuma cika. Uban da ya ga 'yarsa ta yi wannan shiri zai fara kallonta a matsayin babba.

Matan unguwa kuwa, ki gode musu, ki ce kuna shawara. Ba su za su biya bashi ba, ba kuma su za su zauna da yarinyar ba idan ta kai shekara talatin tana tuna damar da aka hana ta.

Idan bayan duk wannan lissafi bai fita ba, ko Alhaji ya je ya gani ya dawo yana kan bakansa, to ta shiga CUNY da kai a sama, makaranta ce da ta fitar da likitoci da masana ba adadi. Amma sai ku biya ta wani abu a madadin abin da ta bari. A sauke mata ɗaukar yara daga makaranta, ƙannenta su karɓi wanke-wanke, a ba ta tebur da kusurwar da ba mai taɓa ta, a yafe mata bukukuwa lokacin jarrabawa, a bar ta ta zauna ɗakin karatu har dare ba tare da ana kiranta kowane minti goma ba. Ku kuma yi mata alkawari tun yanzu, a gaban babanta, cewa idan lokacin babban digirin ya zo kuma wata jihar ta kira ta, ba za a sake wannan muhawara ba. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga Madison, ina so in ji abin da Alhaji ya ce.